Daga BEPC zuwa aikin wuta: hanyoyin da ke gaban yaran Maraɗi

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BEPC ya fito a cikin damina, gidaje da yawa a Maraɗi kan shiga shawara ɗaya: yaro ya ci, to sai ina? Hankalin yawancin iyaye kan tafi ga lise ta karatun gama-gari, wadda ke kai ɗalibi ga bak A ko D, daga nan jami'a, daga nan kuma jiran aikin gwamnati. Makarantar sana'a sau da yawa sai an rasa wuri ake tunawa da ita, kamar ita ce matattarar waɗanda karatu ya gagara. A fannin wutar lantarki dai wannan tunani bai da tushe. Yaron da lissafi ya gagara ba zai iya aikin wuta yadda ya kamata ba, kuma kuskurensa yakan kwanta shiru cikin silin gidan mutane har ranar da zai tashi gobara.

Ƙofofin shiga

Maraɗi ba baƙuwa ba ce ga karatun fasaha. A nan Lise Teknik Ɗan Kasawa take, wadda ta ɗauki sunan sarkin da ya kafa sarautar Katsinawan Maraɗi, kuma ta daɗe tana karɓar ɗalibai daga sauran jihohin Nijar. Mai BEPC yakan yi shekara uku a irin wannan lise kafin ya zauna jarrabawar bak. Layin da ya shafi wuta shi ne F3, wato fasahar lantarki da injunan da ke aiki da ita. Ɗalibin F3 yana karatun lissafi da fizik kamar ƴan uwansa na sauran lise, sannan a ƙara masa zanen tsarin wuta, da awo, da aikin hannu a atiliye. Saboda haka makin yaro a lissafi da fizik tun daga kwaleji shi ne abin da ya kamata iyaye su fara dubawa, kafin ma a zo ga sha'awarsa.

Bak F3 ba ƙarshen hanya ba ne. A Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi akwai cibiyar koyar da fasaha ta IUT mai sashen lantarki, a Yamai kuma akwai makarantar EMIG da ke horar da manyan ma'aikatan fasaha da injiniyoyi. Wanda ya ce shiga lise teknik rufe wa yaro ƙofar jami'a ne, bai san tsarin ba.

Akwai kuma gajerun hanyoyi. Cibiyoyin CFPT da makarantu masu zaman kansu suna shirya yara ga takardun CAP da BEP, inda aikin hannu ya fi yawa kuma ake fitowa da wuri. Kwalejojin fasaha na CET suna ɗaukar yara tun daga ƙarshen firamare. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM, waɗanda aka baza cikin ƙananan hukumomi, an yi su ne musamman don matasan da suka bar makaranta ko ba su taɓa shiga ba. Gwamnati ta taɓa sa wa kanta burin ganin kashi 40 cikin 100 na ɗaliban da suka wuce firamare sun nufi karatun sana'a da fasaha kafin 2021, kuma a cikin wannan yunƙuri ne irin waɗannan cibiyoyi suka yawaita.

Sai hanya mafi tsufa, wadda ta fi kowace tara yara: a kai yaro wurin maigida. Duk wanda ya ratsa Sabon Gari ya ga irin waɗannan shaguna, da masu sayar da waya da ƙwan fitila, da masu naɗin moto, da yara riƙe da tsani da guduma suna bin maigidansu zuwa gidan da ake ginawa. Babu kuɗin makaranta, babu jarrabawa, kuma yaro yakan fara samun na kashewa da wuri.

Abin da allo ke koyarwa

Mutane da yawa na ɗaukar aikin wuta a matsayin haɗa waya biyu har fitila ta kama. Kamawar fitila ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ɗalibi ke shafe watanni yana koyo shi ne lissafin da ke bayan bangon.

Wutar da kamfanin Nigelec ke kawowa gidaje tana da ƙarfin bolt 220 zuwa 230. Kowace na'ura kuma tana da nata cin, wanda ake rubutawa da wat a jikinta. Idan aka raba wat da bolt, sai a samu ampa, wato yawan wutar da za ta bi ta cikin waya. Dutsen guga mai wat 1,100 yana jan ampa 5. Abin dafa ruwa mai wat 2,200 yana jan ampa 10. Idan aka haɗa su a layi ɗaya, aka ƙara firiji da na'urar sanyaya ɗaki, an wuce ampa 20 ke nan. Wayar kuwa tana da iyaka. A ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100, wadda makarantun fasaha na ƙasashen da ke amfani da Faransanci suka saba koyarwa da ita, waya mai kaurin 1.5 ita ce ta fitilu, kuma na'urar katse wuta da ke tsaronta, wato disjonktar, ba ta wuce ampa 16. Ana sa waya mai kaurin 2.5 ga wuraren sa filogi, da disjonktar da ba ta wuce ampa 20 ba. Abu mai cin wuta sosai, kamar murhun lantarki, layinsa daban ake ja masa da waya mai kaurin 6.

Dalilin wannan tsauri shi ne zafi. Idan wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafin da wayar ke yi yakan ninka huɗu. Robar da ta lulluɓe ta sai ta yi laushi, ta bushe, ta tsattsage. A Maraɗi kuwa, inda zafin watan Afrilu da Mayu kan haura digiri 40 a inuwa, wayar da ke kwance ƙarƙashin kwanon rufi ta riga ta ɗauki zafi tun kafin a kunna komai.

A nan ne ake gane wanda ya san aikin da wanda ya kwaikwaya kawai. Mai gida ya yi ƙorafin cewa disjonktar na yawan faɗuwa. Wanda ya san lissafi zai gane cewa na'urar aikinta take yi, kaya ne suka yi wa layin yawa, sai ya raba su ko ya ja sabon layi. Wanda bai sani ba sai ya cire mai ampa 16 ya sa mai 32, ko ma ya ɗaure wurin da guntun waya. Wuta ta daina ɗaukewa, mai gida ya ji daɗi, ya yaba masa, har ya faɗa wa maƙwabta. Alhali an cire mai gadi ne an bar siririyar waya ita kaɗai da nauyin da ya fi ƙarfinta. Abin takaici shi ne a idon mai biyan kuɗi, mai aikin banza ne ya fi kama da gwani.

Haka batun wayar ƙasa yake. A tsarin da ake koyarwa, shuɗiyar waya ita ce nitir, mai launin kore da rawaya ita ce ta ƙasa, ja ko ruwan ƙasa kuma ita ce mai ɗauke da wuta. Aikin wayar ƙasa shi ne idan wuta ta zurare ta taɓa jikin firiji ko injin wanki, ta samu hanyar wucewa ba ta jikin mutum ba. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ampa ɗaya ba tana iya rikita bugun zuciya, shi ya sa ake sa wata na'ura ta musamman da ke katse layi da zarar wutar da ta zurare ta kai miliampa 30. Gidaje da yawa ba su da ita, ba su da wayar ƙasar ma, don a rage kuɗin gini. Unguwannin da ke kan tudu kuma suna da ƙarin matsala: busasshen yashi ba ya karɓar wuta da kyau, don haka soka ƙarfe a ƙasa kawai bai wadatar ba, sai an auna an tabbatar. Awon nan a makaranta ake koyon sa.

Kusancin Maraɗi da iyaka ya ƙara wa aikin wani salo. Kayan da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa daga Katsina da Kano yawanci masu filogi irin na Ingila ne, mai ƙafa uku masu faɗi, bangon gidajen Nijar kuwa an saba sa masa irin na Faransa mai zagayayyun ƙafafu. Sai a yi ta cusa wannan cikin wancan, ko a sa abin haɗi mai arha da ke kwance-kwance. Haɗin da bai matse ba yakan yi tartsatsi, ya yi zafi, ya narka roba. Sannan ga jabun waya, wadda aka yi da alminiyom aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Alminiyom bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen wucewar wuta ba, don haka wayar da aka rubuta mata 2.5 tana iya kasa ɗaukar abin da aka lissafa mata. Wannan kam sau da yawa yaron shago ya fi ɗan makaranta saurin ganewa: ya kankare bakin wayar da wuƙa, ya ga fari a ciki, magana ta ƙare.

Abin da sai a wurin maigida

Misalin jabun waya ya nuna inda makaranta ke da rauni. Ɗalibi zai iya zana tsarin wutar gida mai ɗaki shida ba kuskure, amma a ba shi kurfi da guduma ya fasa bango ya binne tiyo, sai hannu ya yi ta rawa. Bai san yadda ake yi wa mai gini lissafin kuɗin kaya da na aiki ba, bai san wane ɗan kasuwa ne ke da kayan kirki ba, bai san yadda ake zama da magini da mai fenti a gida ɗaya ba tare da rigima ba. Bai kuma san yadda ake karɓar kuɗi daga hannun Alhajin da ya ce a dawo bayan sallar la'asar ba. Duk waɗannan a cikin sana'ar suke, kuma da koyo akan iya. Ƙari ga haka, kayan atiliye suna da tsada, suna lalacewa, kuma idan ɗalibai suka yi yawa a kan na'ura ɗaya, wasu kallo kawai za su yi har shekara ta ƙare.

Shi ya sa tsarin koyo na karɓa-karɓa, inda matashi ke yin wasu kwanaki a cibiya wasu a shagon maigida, ya fi dacewa da wannan sana'a. Asusun FAFPA, wanda aka kafa don tallafa wa horon sana'a, yana cikin masu ɗaukar nauyin irin wannan koyo. Ga ɗan lise kuma, dogon hutun damina dama ce. Wata biyu ko uku a bayan maigida mai tsoron Allah suna koya masa abin da shekara guda a aji ba za ta ba shi ba. Sai dai a nan girman kai kan shiga: ɗan makaranta yana ganin ya fi ƙarfin ɗaukar tsani, maigida kuma yana ganin an kawo masa mai gyara masa magana a gaban yaransa. Iyayen da suka je da kansu suka damƙa yaro, suka ce ga ɗanka nan, sun rage rabin wannan matsala.

Akwai kuma batun harshe. Karatun da Faransanci ake yin sa, aikin kuwa da Hausa. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, amma littattafan fasaha da rubutun jikin na'urori suna nan da Faransanci ko Ingilishi. Ma'aikacin da zai iya karanta takardar na'ura sannan ya bayyana wa Hajiya da Hausa dalilin da ya sa ba za a jona firiza a layin fitila ba, ya riƙe abokin ciniki.

Ina aikin yake?

Yaro da yawa na shiga F3 da mafarkin sa rigar Nigelec. Kamfanin, wanda aka kafa a 1968, yana ɗaukar ma'aikata, haka ma matatar mai ta Soraz a Damagaram da kamfanin siminti na Malbaza, amma guraben ba za su taɓa isar masu fitowa kowace shekara ba. Yawancin aikin yana wajen ofis.

Kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuma abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Kowane sabon layi da aka ja zuwa wata unguwa ko wani gari, gidaje ne da shaguna da masallatai ke jiran mai haɗa masu wuta. Maraɗi kanta faɗaɗa take yi ta kowane gefe, kuma mai neman aiki ba ya rasa Tibiri, fadar Sarkin Gobir, da ke ƴar tafiya kaɗan a babur.

Jiratawa ta nuna wani ɓangaren aikin, wanda ya fi na gidaje wuya kuma ya fi ƙarancin masu iyawa. Filin noman rani na can, mai faɗin ɗaruruwan hekta a kwarin Gulbin Maraɗi, ya dogara ne ga rijiyoyin burtsatse da famfunan lantarki ke jawo wa ruwa. Irin waɗannan famfuna da wuta mai layi uku suke aiki, mai ƙarfin bolt 380 zuwa 400. Idan aka musanya biyu daga cikin layukan, moto sai ya juya baibai, ruwa ya ƙi fitowa yadda ya kamata. Idan layi ɗaya ya ɗauke aka bar moto yana fama da biyu, cikin ɗan lokaci naɗinsa ya ƙone. Akwai na'urorin da aka yi don tsare shi daga wannan, amma sai wanda ya san yadda ake zaɓar su da saita su daidai da ƙarfin moton. Ga manomin zogale ko albasa, famfon da ya tsaya mako guda a tsakiyar rani asarar shekara ce. Ilimin nan ɗaya shi ne ake buƙata a injin niƙa, da injin matsar man gyaɗa, da wurin yin ƙanƙara, da shagon walda.

Sai hasken rana. Wutar jihar Maraɗi ta daɗe tana dogara ga layin kilobolt 132 da ke tasowa daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta katse wutar a farkon watan Agusta, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Sai a ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Watannin nan sun koya wa mutane da yawa darajar faifan sola da batir. Nijar dai ba yau ta fara wannan tunani ba: tun shekarun 1960 aka kafa ofishin makamashin rana na ONERSOL, wanda Farfesa Abdu Mumuni Diyofo ya jagoranta, kuma a 2018 aka buɗe tashar sola mai megawat 7 a Malbaza.

Sola ma lissafi ce. A ɗauki gida mai fitila 4 masu wat 10 da ke kunne awa 5, da fanka mai wat 60 da ke juyawa awa 8, da talabijin mai wat 50 na awa 4. Jimillar cinsu a yini 880 ne a ma'aunin wat-awa. Idan aka ƙaddara awa 5 na cikakkiyar rana, aka ƙara abin da ke salwanta a waya da batir da zafi, faifan da ake buƙata ya kai wajen wat 250. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 100 yana ɗaukar 1,200, amma irin na dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan guda ɗaya bai isa wannan gida ba, sai biyu. Mai haɗawar da bai yi wannan lissafi ba zai sa ɗaya don farashinsa ya yi daɗin ji, bayan wata shida batir ya mutu, mai gida ya ce sola ƙarya ce. Ko ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan faifai tana rage masa ƙarfi, kuma gaya wa mai gida ya riƙa gogewa yana cikin aikin.

Ƴan mata ba su da yawa a wannan fanni, kuma babu wani dalili na fasaha da ya sa haka. A garin da gidaje da yawa ba a barin baƙon namiji ya wuce zaure sai maigidan yana nan, macen da ta iya gyaran wuta tana da kasuwar da ba mai yi mata gasa a cikinta.

Kafin a sa hannu a takarda

Iyayen da ke shirin biyan kuɗin makaranta mai zaman kanta suna da haƙƙin su nemi a nuna masu atiliye, ba ofishin darakta kaɗai ba. Su ga allunan gwaji, su ga moto mai layi uku, su ga na'urorin awo, su tambayi yara nawa ke tarayya a kan kowane. Su tambaya ko takardar da za a ba yaro ta jarrabawar ƙasa ce, CAP ko BEP ko bak, ko kuwa shaidar makarantar ce kawai, domin a wurin neman aiki da ci gaba da karatu ba ɗaya suke ba. Su kuma tambayi inda ake tura ɗalibai sitaj, da tsawon lokacinsa.

Wanda zai kai yaro wurin maigida shi ma yana da abin dubawa. Maigidan da ke katse wuta kafin ya taɓa waya, ya kuma gwada da na'ura ya tabbatar ta katse, shi ne abin nema. Wanda ke gwada waya da bayan yatsa, ko yake aika yaro ya hau falwaya ya jona layin sata, zai koya wa yaron abin da zai iya kai shi kurkuku ko kabari. Daga falwaya zuwa mita hurumin Nigelec ne, aikin mai haɗa wutar gida daga bayan mita yake farawa.

Kayan farawa ba su da yawa: filaya, da sukuddireba masu hannun roba, da abin feɗe waya, da tef, da takalmi mai ƙasan roba, da na'urar awo ta miltimita. Ita wannan ta ƙarshe ce yara suka fi jinkirin saye, suna cewa ƙaramin sukuddireba mai fitila ya wadatar. Shi kuwa iyakarsa ya nuna akwai wuta a waya. Ba ya faɗin ko bolt 220 ce ko ta faɗi zuwa 170, kuma irin wannan faɗuwar ce ke ƙona moton firiji a unguwannin da ke ƙarshen layi.